Ta Rame, Ai Ta Warke

Ranar da Uwar Biyu ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, gidan ya kaure kamar an yi haihuwa. Ita ba ta ma san ta yi ba. Tana zaune a falo tana warware bakin wata riga, sai ƙanwar mijinta, Auta, ta ajiye faranti ta tsaya tana nuna ta da yatsa.

"Yaya, bar abin da kake yi ka zo ka ga ikon Allah. Matarka ta harɗe ƙafa."

Baban Biyu ya fito daga ɗakin da yake buga allunan talla, hannunsa duk tawada. Tagwayen 'yan matan suka biyo shi da kayan makaranta a jikinsu. Aka kewaye ta ana kallo. Uwar Biyu ta dubi ƙafafunta, ta ga da gaske ne, sai dariya ta kama ta har da hawaye. Rabonta da wannan zaman tun kafin ta haifi yaran nan, ga su yanzu sun kusa kamo ta a tsawo.

Wata biyar ke nan da yi mata tiyatar rage ƙiba. Likitar ta yanke mafi yawan tumbinta, ta bar mata ɗan siriri kamar ayaba, ta yadda cokali huɗu na abinci sai ta ji kamar ta ci na biki. Ba don kyau ta yarda aka yanka ta ba. Gwiwoyinta da bayanta ne suka kai ta. Shekaru tana tashi da ciwo ta kwanta da shi, kuma duk wanda ta gaya wa, amsarsa ɗaya ce, wai ƙiba ce. Ko ciwon haƙori ta ce tana yi, Baban Biyu sai ya dubi cikinta tukuna.

Likitar kuwa ba ta yi mata alkawarin banza ba. Ta ce ciwon zai iya raguwa, amma ba kowa ne yake rabuwa da shi kwata-kwata ba. Ta ce dole ta riƙa dawowa ana duba ta, ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da na gina jiki, domin ɗan tumbin ba zai iya tatso komai daga abinci ba. Sannan ta ɗaga jan maganin ciwon jikin da Uwar Biyu ta saba sha kamar gyaɗa, ta ce wannan kam ta yi bankwana da shi, yana iya cinye abin da ya rage na tumbin ya huda shi. Baban Biyu yana zaune aka faɗi haka. Yana gyaɗa kai, idonsa na kan waya.

To amma wa yake ta likita a wannan lokacin? Kullum da sabon abin murna. Wata safiya Uwar Biyu ta ga wani ƙashi a ƙasan wuyanta a madubi, ta tsorata ta kira yara, ta ɗauka kumburi ne. Suka yi ta birgima a gado, suna cewa ai kowa yana da shi, nata ne ya daɗe a ɓoye. Tagwayen suka shiga tsohuwar rigarta su biyu, suka yi ta yawo a falo suna kwaikwayon tafiyarta ta da, ita ma tana taya su dariya. Zoben aurenta ya koma babban yatsa. Ta yanke farcen ƙafarta da kanta, ta zauna tana kallonsu kamar ta ci jarrabawa. Matar maƙwabcinsu ta shigo ta gaishe ta da ladabi, ta ce, "Baƙuwa, masu gidan suna ciki?"

Kanta ya ɗan kumbura a kwanakin nan, kuma babu mai ganin laifinta. Macen da aka saba turawa layin baya in za a ɗauki hoto, yau ita ake ja gaba.

Ita Auta tana da wata sana'a da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ganyayyaki take sarowa ta niƙa ta haɗa, ta zuba a gwangwani, ta ce shayin rage ƙiba ne. Matsalarta ɗaya, tun haihuwa siririya ce kamar tsintsiya, don haka duk wadda ta tallata wa sai ta dube ta ta ce, "Ke me kika rage?" Gwangwanayen suna jibge a ƙarƙashin gado har sun fara tsatsa. Da ta ga yadda matar yayanta ke zubewa, sai ta ga abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

A wajen cin abincin rana suka kawo maganar, ita da yayanta, kuma da gani sun riga sun daddale.

"Hoto biyu kawai, Anti," in ji Auta. "Na da, da na yanzu. Yaya zai buga mana babban allo. A ƙasa a rubuta: shayi kawai na sha."

"Amma ai ban sha ba."

"Kin sha mana. Ranar da na fara kawo shi ban dafa miki ba?"

"Na yi amai."

"To ai kafin ki yi aman kin sha."

Baban Biyu ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa ya ce, "Ke kuma wa ya ga an yanka ki? Mun ce kin je wajen yayarki jinya. Sirrin gida ne, a bar kaza cikin gashinta. Yarinyar nan marainiya ce, in ba mu tallafa mata ba wa zai yi?"

Uwar Biyu ta so ta ƙi. Sai dai Auta ta riga ta fito da wata koriyar riga mai ɗamara, irin wadda ta sha ɗinka wa mutane ba ta taɓa sa ran sakawa ba. Ta saka, ta shige ta tsaf. Maganar ƙi ta bi ruwa.

Allon ya fi ƙofar gida girma. A hagu an zaɓo hotonta na wani biki, baki cike da abinci, a dama kuma ga ta a koriyar riga, hannu a ƙugu. Kafin mako ya zagayo mata sun fara layi. Aka kwashe gadonta da keken ɗinkinta daga ɗakin ƙasa aka hau da su bene, aka mai da ɗakin shago. Faffaɗar kujerar da take zama a kai aka ba mai gadi. Sandar da take dogarawa, Baban Biyu ya karya ta a gwiwarsa a gaban yara, aka yi tafi. Aikinta yanzu shi ne ta tsaya a shago cikin takalmi mai tsini, ta juya in an ce ta juya, ta yi murmushi in an ɗaga waya.

A gaskiya gwiwoyin sun ɗan yi sauƙi. Amma bayan yana nan inda yake, ko gezau. Ga kuma baƙi da suka zo ba sallama. In ta zauna, ƙashi ne ke gogar katako, domin matashin da Allah ya yi mata ya tafi. Tafin ƙafarta yana zafi kamar ta taka barkono, wani lokaci kuma ya mutu murus, ta kasa jin matakalar bene. Ta kan sauko a zaune, mataki bayan mataki, in ta tabbatar babu mai kallo.

Wata safiya ta gaya wa mijinta, yana ɗaure takalmi.

"Baban Biyu, bayan nan fa bai daina ba. Ga ƙafafuna kuma."

Ya ɗago yana murmushi irin na mai lallashin yaro. "Tsaya mu yi lissafi. Me ke kawo ciwon?"

"Kun ce ƙiba."

"Ƙibar tana ina?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"To me ya rage da zai yi ciwo? Sabo ne kawai. Bakinki ya saba da kukan ciwo, sai a hankali zai daina. Kin rame, ai kin warke. Ki gode wa Allah, kada ki yi butulci."

Lissafin ya yi kama da gaskiya. Har ta fara zargin kanta. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma bayanta bai iya lissafi ba.

Da ranar komawa asibiti ta zo, ta yi wanka ta ɗauko mayafi. Auta ta tare ƙofa da hannu biyu, tana dariya.

"Anti, so kike ki kashe ni? Su wa ke zama a bencin likitar nan? Masu jiki ne, kuma rabinsu masu sayen shayina ne. Ɗaya ta gan ki, an gama. Gari zai ɗauka."

"Magungunana sun ƙare."

"Wane magani kuma, ga ki kamar amarya? Ganyen nan babu abin da babu a cikinsa."

Baban Biyu ya raba gardama. Ya ce a bari a yi bikin buɗe shago tukuna, bayan nan shi da kansa zai kai ta, ko da sassafe ne ta ƙofar baya. Da ta ce ba za ta iya tsayuwar ba, sai ya fita, ya dawo da ɗan ƙunshi daga kantin magani. Ta buɗe, ta ga jajayen ƙwayoyin nan.

"Likita ta hana ni wannan. Kana wurin."

"Ta hana lokacin da yankan yake ɗanye. Yanzu ai ya haɗe. Shekara nawa kina shan abin nan, ya taɓa yi miki komai? Da tsohuwar zuma ake magani."

Ta juya ƙwayar a tafin hannunta. Ta san abin da aka gaya mata. Amma ciwon yana nan a jikinta a lokacin, huda tumbi kuwa labari ne na wata rana. Ta haɗiye biyu.

Abin takaicin shi ne maganin ya yi aiki. Bayanta ya saki. Da yamma aka same ta a kicin tana rawa da ludayi, tagwaye na yi mata kiɗa da murfin tukunya, Auta na ɗauka a waya. Baban Biyu ya jingina da ƙofa yana cewa, "Ban faɗa ba? Likitocin nan tsoratarwa ce sana'arsu." Washegari ta sha biyu da safe, biyu da rana. Da biyu suka daina isa, ta koma uku.

Daga nan ƙirjinta ya fara zafi, sannan zafin ya sauka ciki ya zauna. Cokali huɗun ya koma biyu. In ta miƙe, ɗakin sai ya juya da ita, ta kama bango tana dariya, ta ce jiri ne na farin ciki. Gashinta yana zuba a mataji. Bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta, ta ji kunyar gaya wa kowa. Da ta ce wa Auta cikinta na ci da wuta, Auta ta ce kitsen ne yake narkewa, haka take gaya wa masu saye ma.

Kuma duk ranar da ta fi jin jiki, ranar ake fi yaba ta. Kumatu suka faɗa, idanu suka fito, fatar ta yi fari fat saboda rashin jini. Mata suna shigowa suna cewa, "Shayin nan har haske yake sawa?" Auta ta ce sosai ma. Baban Biyu ya sake ɗaukar sabon hoto, ya ce na farkon ya tsufa.

Ranar buɗe shago aka kafa rumfa a bakin titi, aka jera kujerun roba, aka ɗaura balan-balan. Mai kiɗa ya kunna lasifika har tagogi na rawa. An yi wa Uwar Biyu kwalliya mai kauri, an tsayar da ita a gefen allonta, kusa da tsohuwar kanta mai cike da baki. Ta sha uku kafin ta sauko, ta ƙara biyu da ta ga jama'a. Ta juya, an yi tafi. Ta ja tsohon zanenta ta naɗe jikinta har sau biyu da rabi, an yi shewa. Ita kanta tana jin wani irin sauƙi a kai, kamar ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, kome aka faɗa sai ta yi dariya.

Can bayan layi akwai wata mata mai jiki sosai, da sanda a hannu. Ba ta zauna a kujerar roba ba, kuma Uwar Biyu ta san dalili, domin ta taɓa karya irinta a gidan mutane. Matar ta jira har layi ya ragu, sannan ta matso a hankali, tana ɗaga ƙafar hagu kamar ba tata ba. Ta ce ita malamar makaranta ce, ta bar aji saboda tsayuwa ta gagare ta.

"Baiwar Allah, ba ramar ce ta dame ni ba," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Ciwon nake tambaya. An ce ke ma da sanda kike tafiya da. Da gaske ya tafi? Likita ta ba ni rana, amma maigidana ya ga allonki, ya ce in bar zancen asibiti in zo in sayi gwangwani uku."

Auta ta jiyo, ta cafe daga bayan kanta. "Tsaf ya tafi, Malama. Ba ki ga takalminta ba?"

Uwar Biyu ta dubi hannun matar a kan sanda, yadda yatsun suka damƙe ta. Dariyar da ke bakinta tun safe ta tsaya. Ta ji kunya, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a ranar da ta karya kujerar mutane. Ta kama hannun Malama ta ja ta bayan allon, inda babu mai ganinsu. Ta ɗage rigarta, ta ɗora yatsun matar a kan ƙananan tabon da ke cikinta, ɗaya bayan ɗaya.

"Wuƙar likita ce, 'yar'uwa, ba shayi ba. Ciwon kuma yana nan, har ya yi 'ya'ya. Ki je ranar da aka ba ki, ki tambaye ta komai, kuma ki riƙa komawa."

Ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, sai jini ya riga maganar fitowa. Ta sulale a jikin ƙarfen allon. Malama ta yi ta kiran jama'a, amma sai da mai kiɗa ya gama waƙar da yake kai kafin aka ji ta.

Ta farka washegari da rana, ga ledar jini a rataye, ga roba a hancinta. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mata cewa gyambo ne ya ci tumbin har ya fashe jijiya, kuma da an ƙara jinkiri da ba wannan zancen ake ba. Ƙofar ɗakin ba ta rufu sosai ba, don haka tana jin mijinta a baranda yana waya da yayarta.

"Wallahi Yaya, ba ta taɓa nuna mana abin ya kai haka ba. Kin san ta da zurfin ciki. Mace tana rawa a kicin, ta ina zan sani? Maganin kuma ita ta saba da abinta, ni taimako na yi."

Auta kuma tana gaya wa wata cewa baki ne. Ta ce tun da allon ya hau ta san masu hassada ba za su bar su ba, kuma waccan mai sandar ba ta yarda da ita ba, turo ta aka yi.

Suka shigo tare, da ledar lemo wanda ba za ta iya sha ba. Auta ta zauna a bakin gado, ta ƙare mata kallo, fuskarta ta washe.

"Anti, ba don kada a ce na faɗa ba, kin ƙara faɗawa fa. Ƙugun nan kamar na 'yar makaranta. In mutane sun tambaya, zazzaɓi ne, kin ji? Kada a ce shayi ne."

"Ki bar ta ta huta," in ji Baban Biyu. "Nan da sati biyu ma ta sauko shago. Ba sai ta tsaya ba, a ba ta kujera."

Likitar ta shigo a lokacin, ita ce dai wadda ta yi tiyatar. Ta tambayi dalilin da ba a dawo ba, da wanda ya kawo jan maganin, da tun yaushe ciwon ya dawo. Baban Biyu ya gyara tsayuwa zai amsa.

"Ai likita, ciwo babu. Tun da ta rame ta warke. Wannan tsautsayi ne kawai."

"Malam, kai aka yi wa aikin?"

"A'a."

"To ku jira a waje."

Suka fita, Auta na ƙunƙuni. Likitar ta tura ƙofar har sai da ta ji ta kama, ta dawo ta tsaya a gefen gadon, ta zura hannuwa a aljihu.

"Uwar Biyu, ina ne yake miki ciwo?"

Uwar Biyu ta dube ta. Tana da ƙiba an ce ta san dalilin ciwonta, ta rame an ce ba ta da shi, kuma a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayar ta wurin. Dariya ta taso mata, ta riƙe cikinta don kada ta fama gyambon, hawaye na gangarowa cikin kunnuwanta. Da ta lafa, ta goge fuska da bayan hannun da babu allura.

"Likita, ja kujera ki zauna," in ji ta. "Daga tafin ƙafa zan fara."